Duwatsun Abzin: yanayi, namun daji da hanyoyin tafiya a bakin tekun rairayi

Duk shekara idan sanyi ya kama, manoman jihar Agadas kan sauko Yamai da kayan lambunsu: lemun Timiya, ruman, dabino, tafarnuwa, albasa da dankalin turawa na Bagazam. Mutanen birni sun san ɗanɗanon waɗannan kaya, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ƙasar da ke fitar da su. Ƙasar ita ce Abzin, wadda ake kuma ce wa Azbin ko Ayar, tarin duwatsu mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 84,000 a arewacin Nijar. A can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a ƙasar nan take, kuma a gefen gabas duwatsun na ƙarewa ne kwatsam a bakin rairayin Tenere.

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma wanda ya tsaya a wannan gefen zai ga tuddan yashi jere a gindin dutse kamar igiyar ruwa a bakin gaɓa. Abin da ya bambanta Abzin da hamadar da ta kewaye shi kuwa shi ne ɗan ruwan saman da duwatsun ke tarewa. Lambuna, namun daji, ƙauyuka da hanyoyin matafiya duk bin wannan ruwa suke yi.

Inda yankin yake da yadda ake zuwa

Ƙofar Abzin ita ce Agadas, kimanin kilomita 950 daga Yamai ta hanyar Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, Tawa da Abalak. Motocin kamfanonin sufuri na yin wannan hanya, sai dai ɓangaren Tawa zuwa Agadas ya daɗe da lalacewa, don haka tafiyar kan cinye yini guda cur, wani lokacin har da dare. Akan kuma samu jiragen cikin gida masu sauka a filin jirgin sama na Mano Dayak.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna cewa sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu, kuma har yau da Hausa ake ciniki a kasuwar Agadas. Masarautar Abzin ta kafu tun ƙarni na 15. Tsohon garin Agadas, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsayin mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. A ƙauyukan duwatsu Tamashek ake yi, amma maza da yawa na jin Hausa, domin ayarin raƙuman Kel Ewe ya saba ɗauko gishiri da dabino daga Fashi da Bilma ya kai su Damargu, Damagaram da Kano, ya komo da hatsi.

Daga Agadas zuwa cikin duwatsu yawancin hanyoyi na ƙasa ne, ta kan tsakuwa da cikin ƙoramu. Sai mota mai ƙarfi, irin wadda ake kira kat-kat, da direban da ya san yankin. Timiya na da nisan kusan kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Tabalot na gindin Bagazam, Iferwan kuma na can arewa, gabas da Arlit.

Sifar ƙasar

Abzin ba dutse ɗaya ba ne. Tudu ne mai faɗi wanda tsayinsa ke tsakanin mita 500 zuwa 900 daga matakin teku, sannan a bisansa manyan duwatsu masu sifar da'ira suka tashi daban-daban, daga kudu zuwa arewa. Mafi tsayi shi ne Idukal-n-Taghes, a cikin Bagazam, mai mita 2,022. Tamgak, kusa da Iferwan, ya kai mita 1,988, Girebun kuma a arewa mita 1,944.

Masana ƙasa sun bayyana cewa waɗannan da'irori saiwoyin tsoffin duwatsu masu aman wuta ne, da suka daskare a ƙarƙashin ƙasa sama da shekaru miliyan 400 da suka wuce, kafin iska da ruwa su zaizaye abin da ya rufe su. Ɗaya daga cikinsu, zoben Meugueur-Meugueur, faɗinsa ya kai kilomita 65, yana cikin mafiya girma irinsa a duniya. Jerin bai tsaya a Abzin ba: ya bi ta duwatsun Damagaram da Muniyo har tsaunukan Jos a Najeriya. Shi ya sa aka haƙi kuza a Elmeki kamar yadda aka haƙe ta a Jos.

Akwai kuma aman wuta na baya-bayan nan, wanda ya bar baƙaƙen duwatsu masu tsini da shimfiɗar baƙar tsakuwa, musamman wajen Todra a kudu. Ruwan zafin Tafadek, arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, alama ce ta zafin da ya rage a ƙarƙashin ƙasa.

Tsakanin duwatsun ƙoramu ne masu faɗi, cike da yashi, a bushe kusan duk shekara. Yawancinsu yamma suke malala. Telwa ita ce ke ratsawa kusa da Agadas, ta zube a filayen Irhazer, inda makiyaya ke samun ciyawa bayan damina.

Inda dutse ya haɗu da Tenere

Gefen gabas shi ne abin da hotunan Abzin suka fi nunawa. Iskar arewa maso gabas na turo yashi daga Tenere, dutse ya tare shi, sai ya taru ya yi tudu. A Temet, kusa da Girebun, tuddan yashin sun kai kusan mita 300. A Arakaw, wani zoben dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya buɗe baki wajen gabas, yashi ya kutsa ciki, har ake kwatanta wurin da hannun ƙaguwa. Adrar Shiriyet kuma baƙin dutse ne da yashi ya kewaye kamar tsibiri. A wannan yanki ne jirgin Mano Dayak ya faɗi ranar 15 ga Disamba 1995. Akwai kuma Izuzawen, inda duwatsun marmara masu launin shuɗi-shuɗi ke fitowa daga cikin jan yashi.

A wani zamani wannan gefen gaɓar ruwa ce ta gaske. Kimanin shekaru 10,000 da suka wuce ana samun ruwan sama sosai a Sahara, kuma akwai tafkuna a gindin duwatsun. A Adrar Bus masu bincike sun tono ƙasusuwan kifi da na dorina, tare da tukwane da kayan aikin dutse. Mutanen wancan lokaci da waɗanda suka biyo bayansu sun bar zane a jikin duwatsu, kamar na Iwelen a arewa. Mafi shahara shi ne raƙuman dawa na Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas kusa da hanyar Arlit, inda babban zanen ya kai mita 5.4.

Yanayi

Duwatsun bakin teku na gaske suna shan ruwa ne saboda iska mai laima na hawa jikinsu, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000 a bakin tekun Atlantika, misali ne: ƙauyen Debundscha da ke gindinsa na samun kusan milimita 10,000 na ruwan sama a shekara. Iskar damina ɗin nan ce dai ke isowa Abzin, amma bayan ta ratsa fiye da kilomita 1,000 na ƙasa ta zubar da kusan duk laimarta. Abin da ya saura shi duwatsun ke tatsa. Agadas na samun milimita 100 zuwa 150 a shekara, Yamai kuwa sama da 500. Kan manyan duwatsun kudu ruwan ya ɗan fi haka, yana kuma raguwa idan aka nufi arewa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin sanyi ne, kuma shi ne lokacin ziyara. Da rana ana iya tafiya ba wahala, amma da dare sanyi na tsananta. Duk hawan mita 1,000 na rage zafi da kusan digiri 6, shi ya sa a kan Bagazam ruwa kan daskare a wasu dararen Disamba da Janairu. Hazon hunturu kan rufe nesa na kwanaki, musamman daga Janairu.

Daga Afrilu zuwa Yuni bazara ce. Zafi na wuce digiri 40 a filaye da cikin ƙoramu, dutse kuma na riƙe zafin har bayan faɗuwar rana. Doguwar tafiyar ƙafa a wannan lokaci kasada ce.

Damina gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, kuma ruwanta kan zo ne da ƙarfi a ɗan lokaci. Tun da dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba sai ya gangara ƙorama. Ƙorama na iya cika ta taho da gudu alhali ko ɗigo bai sauka a wurin da mutum yake ba. Ambaliyar da ta rusa gidaje masu yawa a Agadas a farkon Satumba 2009 daga duwatsu ta taho. Oktoba kuwa, da ƙasa ke kore kuma kududdufai ke cike, na da kyan gani, ko da yake da sauran zafi.

Itatuwa da lambuna

Ruwan da ƙorama ta kwaso yana nutsewa cikin yashinta ya zauna a ƙasa, ba da zurfi sosai ba. Saboda haka bakin ƙoramu ne ke da goriba, aduwa, magarya, gawo da itatuwan ƙaya iri-iri, irin waɗanda aka saba gani can kudu. An ƙidaya fiye da nau'in tsirrai 350 a yankin. A saman duwatsu, daga wajen mita 1,500, akwai zaitun daji, ragowar zamanin da Sahara ke da laima. Yana girma a hankali ƙwarai kuma da wuya ya yi sabon tsiro. Ana samun gero da dawa na daji, dangin waɗanda ake nomawa, abin da ke da muhimmanci ga masu binciken iri.

Lambunan Timiya, Tabalot da Iferwan a kan wannan ruwa na ƙarƙashin yashi suke. A da, raƙumi ko sa ke jan guga daga rijiya ya zuba a magudana; yanzu injin ban ruwa ya yawaita. Ana noma alkama da masara don ci, albasa, tafarnuwa da dankali don kasuwa, a ƙarƙashin inuwar dabino da lemu. Injin ya ƙara amfanin gona, amma ya ƙara jan ruwan, kuma idan aka yi shekara biyu ko uku ƙorama ba ta kawo sosai ba, rijiyoyi kan ja baya.

Namun daji

A 1988 gwamnati ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere a matsayin gandun daji mai faɗin hekta 7,736,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, sannan a 1992 ta sa shi a jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a lokacin. An lissafa nau'in dabbobi masu shayarwa 40 a cikinsa, tsuntsaye 165, masu jan ciki 18.

Dabbar duwatsu ta ainihi ita ce ragon dutse, mai manyan ƙahonni da gemu har ƙirji. Yana iya daɗewa bai sha ruwa ba, launinsa kuma ya saje da dutse, sai ya motsa ake ganinsa. Rema na zaune a kogunan dutse. Jan biri na bin ƙoramu masu itatuwa, an kuma san wani ƙaramin garken gwaggon biri a kwazazzaban Tamgak, wanda ya rabu da ƴan uwansa na kudu tun da hamada ta shiga tsakani. A filaye akwai barewa, dila, yanyawa da tuje. Tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka na yada zango a kududdufan cikin dutse.

Wasu kuma sun kusa ƙarewa. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauki sunanta, ba ta wuce ƴan ɗaruruwa ba a daji a duniya baki ɗaya. Wani ƙaramin garke ya fake a dutsen Takolokuzet, wani kuma a Termit. Adaks, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗun ƙahonni, an ware mata hekta 1,280,500 a tsakiyar gandun, amma abin da ya rage nata yana can wajen Termit da Tin Tumma. Jimina mai jan wuya, da ake gani garke-garke a gindin duwatsu har ƙarshen shekarun 1980, farauta ta ƙarar da ita a shekarun tawaye. Yanzu ana kiwonta a killace a Iferwan, Kelle da Maine Sorowa, da fatan mayar da ita daji.

Fari na cikin dalilai, amma farauta da mota da babur da bindiga ta fi yin ɓarna. Tun 2014 kuma neman zinariya a Jado da Cibarakaten ya ƙara zirga-zirga da saran itace a arewa. Dokar farauta ta 1998 ta hana taɓa waɗannan dabbobi. Mai ziyara ya sani cewa sawu da kashi zai fi gani a kan dabbar kanta. Wanda ya fita da asuba, ya yi shiru kusa da ruwa, shi ke da rabo.

Hanyoyin tafiya a ƙafa

Bagazam ne wurin masu son hawa. Tudu ne mai tsawon kusan kilomita 40 da faɗin 20, a tsayin wajen mita 1,500, kewaye da gangara mai tsauri. Hausawa sun daɗe da sanin sunansa ta wajen dawakinsa. Ana hawa ta tsoffin hanyoyin jakuna daga ɓangaren Tabalot, aikin sa'o'i da yawa a kan duwatsu masu gangarowa. A sama akwai ƙauyuka, maɓuɓɓugai da lambuna, kuma daga nan ake nufar Idukal-n-Taghes. Hawan ba ya buƙatar igiya, ƙarfin gwiwa da takalmi mai kyau yake so. Zagayen tudun gaba ɗaya kan ɗauki kusan mako guda, jakuna na ɗauke da kaya.

Timiya ta fi sauƙi ga iyali da masu kwanaki kaɗan. Ana yawo cikin lambuna, a hau tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ke bisa dutse a hangi koren kwarin tsakanin baƙaƙen duwatsu, a je magangarar ruwan da ke wajen gari. A hanyar Iferwan kuma akwai kufan Asode, tsohon babban birnin Abzin, inda bangayen dutse da masallaci ke tsaye har yanzu.

Daga Iferwan ake shiga kwazazzaban Tamgak, inda ruwa ke kwanciya a ramukan dutse watanni bayan damina. Garin ne kuma ke karɓar bikin al'adun Abzin da aka fara a 2001, wanda akan yi a lokacin sanyi. Bakin Tenere kuwa da raƙuma ake bin sa, daga rijiya zuwa rijiya, kwanaki da dama.

Tsarin yini kusan ɗaya ne ko'ina. Ana tashi bayan sallar asuba, a yi tafiya har hantsi ya ɗaga, a huta a inuwa, a ci gaba bayan la'asar. Abincin hanya shi ne tagella, gurasar da ake gasawa cikin toka da yashi mai zafi, da cuku, dabino da shayi.

Shiri da ladubban hanya

Ba a shiga Abzin ba ɗan jagora na yankin. Taswira ba ta nuna rijiyar da ta ƙafe bana, kuma layin salula na ɗaukewa da zarar an bar manyan garuruwa. Kowane matafiyi na buƙatar aƙalla lita 4 zuwa 5 na ruwan sha a yini, da bargo mai kauri da rigar sanyi ko da rana ta yi zafi, da rawani saboda ƙura. Asibiti na da nisa, don haka mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya ga likita kafin ya tashi, ya kuma riƙe maganinsa. Akwai kunama da macizai masu dafi; ana kakkaɓe takalmi da safe, ba a sa hannu a ramin dutse. A lokacin damina ba a kwana a cikin ƙorama, komai laushin yashinta.

Ruwan kududdufi na mutane ne da dabbobinsu da namun daji, ba a wanka ko wanki da sabulu a ciki. Lambu na da mai shi, sai an yi sallama a shiga. Ba a ɗaukar hoton mutum, musamman mata, sai da izini. Busasshen itace kaɗai ake ƙonawa, leda da gwangwani kuma a komo da su gari. Zanen dutse ba a taka shi, ba a jiƙa shi don hoto ya fito, ba a rubuta suna a gefensa. Ɗaukar kan kibiya, dutsen niƙa ko guntun tukunya daga wuraren tarihi laifi ne a ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi ta 1997.

Batun tsaro

A shekarun 1980, da kuma farkon shekarun 2000, dubban baƙi na zuwa Agadas duk lokacin sanyi, har da jirage kai tsaye daga Faransa. Ƴan jagora, direbobi, masu raƙuma, maƙeran azurfa da dukawa duk da wannan suke ci. Tawayen farko ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya faro ne da hari a Iferwan, ya kuma bar nakiyoyi a wasu hanyoyi. Sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010 ya ƙarasa tsayar da harkar, sannan a 2025 an sake sace wasu Turawa a cikin garin Agadas.

Saboda haka matakin farko na kowace tafiya shi ne tuntuɓar hukumomin jihar Agadas da ofishin yawon buɗe ido, a ji hanyar da ke buɗe da sharuɗɗan da ke aiki a lokacin. Baƙi ƴan ƙasar waje na buƙatar izini da rakiyar jami'an tsaro. Ɗan ƙasa ma ya kamata ya sanar da jandarmomi ko hukumomin gari inda ya nufa da ranar komowa, ya bi hanyar da motoci suka saba bi, kada ya yi tafiyar dare.

Rashin baƙin waje ya sa masu wannan sana'a sun koma dogaro da ƴan ƙasa: ɗalibai, ma'aikata masu hutu da masu zuwa bikin Biyanu ko na Iferwan. Mazaunin Yamai da ke son fara sanin yankin na iya somawa daga gidan tarihi na Bubu Hama, inda aka ajiye gangar itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a hanyar ayarin Bilma har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Manoman da ke kawo lemu da dankali baje koli kuma su ne suka fi kowa sanin halin da hanyar Timiya da ta Tabalot ke ciki a wannan shekara, da ko ƙoramu sun kawo.